Koren da Na Shafa wa Yaya

Litinin, da hantsi

Kwamfutar ofis ta sake ƙamewa, kuma wannan karon ba zan ɗora wa wutar lantarki laifi ba. Ni ce.

Oga, shugabar ɗakin gwajinmu, ta gaji da ganina ina bin sakamakon jinin mutane da ido, layi bayan layi, da yatsa a jikin gilashin kwamfuta kamar mai koyon karatu. Ta ce in rubuta makro, ɗan umarnin nan da ake ba kwamfuta ta yi aikin da kanta. Abin ba shi da yawa. Ya fara daga sama, ya leƙa gurbin da lambar sakamako take. In lambar ta haura iyaka, ya shafa wa sunan mutum ja, a kira shi yau-yau. In ba haka ba, ya shafa kore. Sai ya sauka layi na gaba, ya sake, har ƙasa.

To, "sauka layi na gaba" ɗin ne na manta. Sai makro ya tsaya a kan mutumin farko, wani tsoho, yana shafa masa kore, yana sake shafawa, yana sake shafawa, har fankar kwamfutar ta fara kuka. Mai Allura, wadda take ɗibar jini a ɗakin da ke kusa da nawa, ta leƙo ta ce, "Wannan bawan Allah dai ya samu lafiya har ta yi masa yawa."

Na yi dariya. Rabon da in yi tun ranar Juma'a, ranar da aka ɗebi jinin Yaya. Ba zan rubuta komai a kan wannan ba.

Talata, da yamma

Oga ta kafa sharaɗi. Wata guda za a yi ana gwada makro ɗin gefe da gefe da takardun da take dubawa da hannunta, kuma ba za a kira kowa ko a sallami kowa da kalar da ya shafa ba. Ta ce sauri kan haifi nawa. Sannan ta sauke gilashinta ta ƙara abin da na san za ta ƙara.

"Sunan yayarki yana cikin shafin nan. A nan ke akawu ce. Ƙanwa kuwa sai kin koma gida. Likita ne zai gaya mata, ba ke ba."

Na ce na sani. Shafin yana da faɗi, suna yana can hagu, sakamako yana can ƙurewar dama, sai an gungura ake ganinsa. In na zo kusa da layinta ba na gungurawa. Hannuna ma ɗauke shi nake yi daga kan linzamin kwamfutar, in ɗora a cinya.

Na dawo gida na tarar keken ɗinkin Yaya a rufe da zane, ga kayan mutane jibge a kan kujera. Tana zaune tana kallon saman kabad, inda bargon bara yake a naɗe. Shi muke tafiya da shi bara, ɗakin nan mai sanyi na asibiti inda ake sa mata ruwan magani ta wuni a kwance. Likita ya ce muddin lambar tana ƙasa da iyaka, bargo ya ci gaba da zamansa a can sama.

'Yarta ta bugo waya daga garin da take aure. Cikinta ya tsufa, na fari ne, tana son uwarta kusa. Yaya ta ce mata, "Bari dai in ji abin da zan ji tukuna." Da ta ajiye wayar ta tambaye ni ko na ci abinci. Ba ta tambaye ni ɗayan abin ba, ni ma ban ɗauko shi ba.

Laraba, da azahar

Sakamakon Yaya bai fito ba. Ko ya fito. Ban duba ba.

Laraba, da la'asar

Na gyara kuskuren makro. Yanzu yana sauka, amma ba ya sanin inda zai tsaya, sai ya wuce sunan ƙarshe ya ci gaba da gangarawa cikin fili kamar akuyar da ta tsinke igiya. Na sa masa ya tsaya inda sunaye suka ƙare. Na tashi na sha ruwa, na dawo, na sake tashi na sha ruwa. Mai Allura ta ce in kujerar ce take cizona a sauya mini wata.

Alhamis, da hantsi

Ya yi aiki. Na danna, kala ta fara zubowa daga sama. Kore, kore, ja, kore. Na yi niyyar kau da kai in ya kusa wajen, amma abin ya fi ƙiftawar ido sauri. Kafin in juya ya riga ya wuce.

Sunan Yaya kore ne.

Ban gungura dama ba. Ban ga lamba ba, saboda haka ban karya dokar Oga ba. Kala kawai na gani, kala kuwa ita ta zo ta same ni. Na shiga bayi na kulle ƙofa na yi kuka ba sauti, na wanke fuska na fito.

Ba zan gaya mata ba. Ranar ganin likita sai ƙarshen wata, ta jira.

Alhamis, bayan magariba

Na gaya mata.

Ina shiga na same ta tana tsinke wani ɗinki da ta yi a karkace, ita da ba ta taɓa karkata ɗinki ba. Ban san sanda maganar ta fito ba.

"Yaya, kore ne."

"Me ne ne kore?"

Na yi mata bayanin makro, da ja, da kore, ina haɗa kalmomi kamar mai in'ina. Ta ajiye reza ta kafe ni da ido.

"Akawu, kin gani da idonki?"

"Da idona."

Ta sa gefen mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ban san kuka take ko dariya ba, ita ma ina jin ba ta sani ba. Da ta buɗe sai ta ce yunwa take ji. Ta ci, ta ƙara, ta kankare tukunya.

Tun ina ƙarama ita take ba ni. Yau ni na ba ta.

Asabar, da safe

Ƙarar keke ce ta tashe ni. Na fito na ga ashe tun jiya ta hau kujera ta sauko da bargon ta wanke, ta shimfiɗa shi a tebur da almakashi a hannu.

"Yaya, me za ki yi?"

"Jikana zan yi wa abin rufa. Yadin mai kyau ne, ya gama aikinsa a wajena."

Ta sa almakashi tun daga tsakiya. Ta yanka shi gida-gida, tana haɗawa da ragowar yaduka masu furanni, tana 'yar waƙarta a hanci. Ta kira 'yarta ta ce ta gyara mata ɗaki, tana nan tafe Lahadin sama. Na ji ihun yarinyar daga inda nake tsaye.

Na ce, "Ganin likita fa?"

"In je in bi layi tun asuba don a gaya mini abin da ƙanwata ta riga ta gaya mini? In na dawo na je."

Wani abu ya ɗan sosa mini rai, na danne shi. Da rana ta kwanta a doguwar kujera ta yi barci har da munshari, bakinta a buɗe. Na tsaya ina kallonta kamar wawuya.

Litinin, da hantsi

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Na shigar da sunayen waɗanda za su zo gobe, don in rage wa kaina aiki. Mutanen da ko ƙofar asibitin ba su shigo ba tukuna, balle a taɓa jininsu. Na danna makro don in burge kaina.

Dukansu kore.

Na zauna ina kallonsu. Na buɗe abin da na rubuta na karanta a hankali. In lambar ta haura iyaka, ja. In ba haka ba, kore. Gurbin da babu komai a cikinsa kwamfuta tana ɗaukarsa sifili ne. Sifili bai haura iyaka ba. Ban taɓa ce mata ta fara duba ko akwai wani abu a gurbin ba, ita kuwa abin da aka ce mata kawai take yi.

Na hau sama na nemo layin Yaya, na ɗora hannu a kan linzami, na gungura dama. Wannan karon na karya dokar da gangan.

Babu komai a gurbin. Fari fat.

Litinin, da azahar

Na tambayi Mai Allura kamar da wasa ko sakamakon waccan Juma'ar duk sun dawo. Ta dafe kai.

"Af! Ai kuwa ke nake nema. Kwalabe kaɗan sun lalace a hanya kafin su kai babban ɗakin gwaji, har da na yayarki. Lambar wayarki ce a katinta, na ce tunda ga ki nan kullum sai in gaya miki baki da baki, sai na sha'afa. Ki kawo ta a sake ɗiba. Hannunta dai ba wuyar jijiya."

Na ce to.

Talata, da safe

Yau zan gaya mata.

Talata, da la'asar

Na gyara makro ɗin. Yanzu kafin ya tambayi komai sai ya fara tambaya: akwai wani abu a gurbin nan? In babu, ko in rubutu ne ba lamba ba, ya shafa rawaya ya wuce. Layi biyu kacal na ƙara. Layi biyu.

Na danna. Mutanen da ba a ɗiba ba duk sun koma rawaya. Sunanta ma. Na goge kalolin na sake dannawa. Na sake. Na san ba abin da zai sauya, amma yatsana ya ƙi bari.

A gida na tarar ta sayo ƙananan safa da hula, ta baza su a gado tana nuna mini ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Likitata, zo ki ga wannan." Sunan da ta sa mini ke nan yanzu. Na ce sun yi kyau, na ce kaina yana ciwo, na shige ɗaki.

Laraba, da safe

Yau zan gaya mata.

Laraba, da yamma

Ta yi baƙi, masu karɓar ɗinki. Ta sallami kayan kowa, har da wanda ya yi wata biyu a wajenta. Wata ta ce, "Kin yi haske fa." Ta ce, "Ai dole." Ba a faɗin irin wannan magana a gaban mutane. Da suka tafi kuma ta gaji.

Ni na san ba baƙin ne suka hana ni ba.

Ta yiwu ma in an sake ɗiba koren ne zai fito. Ta yiwu ban yi ƙarya ba, na dai riga gaskiya isowa ne. Haka nake ta gaya wa kaina a mota, har na wuce inda nake sauka.

Alhamis, da hantsi

Na nuna wa Oga kuskuren da gyaran. Ta ji daɗi sosai. Ta ce, "Kin ga amfanin gwaji ke nan. Da mun fara aiki da shi da mun sallami mutane a kan babu. Yanzu kuwa ba wanda ya cutu."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Har na kai ƙofa ta kira ni. "Yayarki ba ta zo an sake ɗiba ba."

Na ce za ta zo. Ta dube ni ta saman gilashi, irin kallon nan nata da ba ya gaggawa. Labarin zuciya a tambayi fuska.

"Kin gaya mata wani abu?"

Na sunkuyar da kai.

"Gobe ki zo da ita. Maganata da ke kuma sai daga baya."

Alhamis, bayan magariba

Tana kan keke tana bin gefen abin rufar jaririn, saura kusurwa ɗaya. Akwatinta a buɗe a ƙasa, rabi a cike. Na jawo kujera na zauna kusa da ita, na ce ina da magana. Ba ta ɗaga ƙafa daga keken ba, sai na faɗa cikin ƙararsa, don ya fi sauƙi.

Keken ya tsaya.

"Sake faɗa."

Na sake. Na faɗi kwalbar da ta lalace, da gurbin, da sifilin.

"Wato ba kore ba ne."

"A'a."

"Ja ne?"

"Ba ja ba ne, Yaya. Babu komai a ciki. Ba a ma gwada ba."

"Na ce miki kin gani da idonki. Kika ce da idonki."

Ta kalli bargon da ke ƙarƙashin allura, gida-gida da furanni. Ta shafa shi da tafin hannu.

"Har na gaya wa yarinyar nan," in ji ta. "Tun yaushe kika sani?"

"Litinin."

Ta gyaɗa kai. Ta mai da ƙafa kan keke ta ƙarasa kusurwar, ta yanke zare da haƙori, ta ninke, ta tashi ta shiga ɗakinta. Ba ta buga ƙofar ba. Na so ta buga.

Juma'a, da rana

An sake ɗiba. Mai Allura tana ta ba ta haƙuri a kan kwalbar, Yaya tana cewa ba komai, ƙaddara ce. Da kowa ta yi magana, har da mai shara. Ni ko kallo ban samu ba. A mota ta zauna jikin taga.

Oga ta cire layin Yaya daga shafina gaba ɗaya, ta ce a hannunta zai zauna. Ta yi mini faɗan da ta yi alkawari, ƙofa a rufe, murya ƙasa-ƙasa. Ban kare kaina ba.

Lahadi, da safe

Yau ce ranar tafiyar. Akwatin yana inda yake. Na ji ta a waya tana cewa aiki ne ya riƙe ta, wata ce ta kawo ɗinkin gaggawa. Yaya ba ta iya ƙarya ba, muryarta tana hawa sama in tana yi. Ni na jawo mata wannan ma.

Litinin, da la'asar

Makro yana aiki lafiya lau. Ja, kore, rawaya, kowa da nasa. Oga ta ce ya dace da takardunta layi da layi. Ina dannawa, idona yana zuwa inda sunanta yake da. Yanzu wani mutum ne a wajen, ban san shi ba, kore ne. Allah ya ƙara masa lafiya.

Talata, da yamma

Yaya ba ta yi barcin rana ba. Keken a rufe.

Laraba, da yamma

Ta yi mini magana. Ina wanke kwanuka ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Akawu, sabulun nan da kike zubawa na mutum goma ne." Na koma Akawu. Na juya da kumfa a hannu zan fara ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu.

"Kar ki fara. Na yi fushi, kuma ban gama ba. Amma bari in gaya miki wani abu. Kwanakin nan da kika ba ni, na yi barcin da rabona da irinsa tun bara. Na ci abinci na ji ɗanɗanonsa. Na ƙarya ne, na ji. Amma na riga na yi barcin, ba mai karɓe shi."

Na fashe da kuka. Ta ce in rufe famfo tukuna, ruwa yana zuba.

Alhamis, da azahar

Oga ta zo har teburina, abin da ba ta saba ba. Ta ce Likita yana son ganin Yaya gobe da safe, ba sai ƙarshen wata ba. Ta ce in ɗauki hutun gobe in raka ta. Ta dafa kafaɗata ta wuce.

Ban tambaye ta ba. Na buɗe makro na karanta shi daga sama har ƙasa, ba don akwai abin gyara ba.

Juma'a, da yamma

Mun je. Na zauna a kujerar da 'yan rakiya suke zama, da jakarta a cinyata.

Asabar, da hantsi

Mun kai abin rufar jaririn tasha, da safa da hula, aka ba direba. Ta kira 'yarta da kanta, ta rufe ƙofa, sun daɗe. Da ta fito ta kwashe kayan akwatin ta mai da su kabad ɗaya bayan ɗaya. Ta tsaya tana kallon sama, inda babu komai yanzu sai ƙura.

"Litinin za mu fara sa ruwan," in ji ta. "Ɗakin nan kuma kin san sanyinsa. Je ki kasuwa ki sayo mini bargo. Mai kauri, ba irin na 'yan gayu ba."

Na ɗauki jaka. Na kai ƙofa na juyo na ce wace kala.

Ta dube ni, bakinta ya ɗan motsa.

"Kore mana, Akawu. Ai kin iya shi."

Na sayo. Yana nan a naɗe kusa da ƙofa, tare da filas ɗin shayi.